Inda Kyaftin Ya Kwanta

Ranar Litinin da safe Frauke ta sake soka ma'aunin zafi cikin ƙasar lambun mahaifiyarta, ta tsuguna tana jira, hannuwanta cikin hammata. Digiri biyar. Jiya ma biyar ne. Ta zare shi ta goge a gefen rigarta, ta ƙara taku uku ta sake sokawa a hankali, tana tsoron kada ta tsire wani abu. Dole ta ji tsoro, domin a wani wuri cikin wannan ƙasa akwai kunkuru yana barci, ba ta san ko ina ba ne, ga shi kuma ranar Alhamis katafila za ta shigo ta haƙe lambun.

Kyaftin ake ce masa. Mahaifinta ne ya zo da shi cikin aljihun kwat daga wata tafiyar jirgin ruwa tun ba a haife ta ba, ita kuwa bana shekarunta hamsin da takwas. Duk watan Oktoba in sanyi ya kawo kai sai ya daina cin abinci, ya yi ta zagaya lambu kamar wanda ya yar da makulli, ran nan a wayi gari ya haƙa rami ya binne kansa. Sai mahaifiyarta, Gesine, ta nemo wurin, ta tara masa busasshen ganye a kai, ta kafa sanda. Farkon Afrilu ya fito da ƙasa a ka yana hararar kowa. Shekara sittin haka ake yi, ba a taɓa fashi ba.

Bara ne abin ya ɓaci. Gesine ta faɗi a lambun ƙarshen Oktoba, ƙashin ƙugunta ya karye, daga asibiti aka wuce da ita gidan kula da tsofaffi, likita ya ce zama ita kaɗai ya ƙare. Aka sa gidan a kasuwa. Dillali ya ce zai zo ɗaukar hoto, a ɗan gyara lambu. Ita kuwa Frauke ba ta san "ɗan gyara" ba. In ta kama aiki sai ta ga bayansa. Ta taso daga birnin Bremen inda take zaune ran Asabar, ta share ganye tas, ta tuge duk wata sanda da ke tsaye, da ta wake da ta tumatir da wadda ba ta ma san ta mece ce ba, ta ɗaure su dami ɗaya, ta bi ƙasar da manjagara har ta kwanta sumul. Hotunan sun yi kyau ƙwarai. Sai da jirgin ƙasa ya kai ta rabin hanyar komawa sandar Kyaftin ta faɗo mata a rai.

Ba ta gaya wa Gesine ba. Ta ce wa kanta ai ba wani abu ba ne, Afrilu na zuwa zai fito da kansa, wa zai sani? Irin lissafin da mutum ke yi ke nan shi kaɗai, ba tare da ya shawarci iska da rana ba. Bana sanyi ya ƙi tafiya.

Yau ashirin da takwas ga Afrilu, amma lambun kamar a tsakiyar Maris. Iska daga teku ba ta huta ba ko yini ɗaya. Kwana tara ke nan da Frauke ta ɗauki hutu daga kantin maganin da take aiki, ta kama ɗaki a garin, kullum tana nan tana karanta lambun kamar takardar asibiti. Tohon tuffa yana nan a dunƙule, bai fi kan ashana ba. Shinge ya ɗan yi kore daga ƙasa, samansa ƙirare ne zalla. Ciyawar nan mai rawayan fure wadda Kyaftin ke fara ci in ya tashi ta shimfiɗa ganye a gindin bango, amma fure ko ɗaya babu. Shekaranjiya ta ga ƙudan zuma ɗaya, ƙato, yana tangaɗi a kan dutse, ta yi murna har ta tafa hannu. Da ta dawo jiya ta tarar da shi a wurin, ya sandare. Ta san abin da take nema: in ƙasa ta kai digiri goma ta riƙe kwana biyu uku, Kyaftin zai taso. Ta kuma san abin da ba za ta yi ba. Shebur ɗaya a wurin da bai dace ba ya isa ya tsaga masa ƙoƙon baya. Don haka da yatsu take tono, gindin bangon da ya fi so, har faratanta biyu sun karye, ba ta samu komai ba sai tsutsar ƙasa da saiwa.

Ƙofar kicin ta buɗe. Imke ce, wadda ta sayi gidan, fenti har a gashinta, da kofin shayi biyu a hannu.

"Anti Frauke, ungo ki ɗumama hannu. Nawa yau?"

"Biyar."

"Kai!" Imke ta dubi ƙasa, ta dubi sama. "Na yi magana da mai katafilar jiya."

"Ya ce me?"

"Ya ce sau biyu ya ɗaga mana, in ya sake ɗagawa sai watan Yuli. Anti, bututun bayan gida ya fashe a ƙarƙashin lambun nan. Wata guda ke nan muna zuwa gidan surukata wanka. Kin san surukata kuwa?"

"Na san uwarta ma."

"To kin gani."

Frauke ta kurɓi shayin. Yarinyar nan ta biya kuɗinta, ta karɓi makulli tun ɗaya ga wata, ta kuma bar wata baƙuwa tana rarrafe mata a bayan gida safe da yamma. Haushin da Frauke ke ji ba shi da wurin sauka, shi ya sa ya fi ciwo.

Da rana ƙanenta Okke ya kira daga Hamburg. Shi Okke tun yana yaro duk matsala a wurinsa abar saye ce.

"Yaya, har yanzu kina kiwon ƙasa? Na samo miki mafita. Akwai wani mutum a nan yana sayar da irinsu, manya. Mu sayi ɗaya mu shafa masa laka, mu kai wa Mama hoto."

"Okke, kana da hankali kuwa?"

"Kunkuru fa kunkuru ne. Duk fuskarsu ɗaya, ta tsohon alƙali."

"Matar da ta san tabon da ke ƙafarsa ta hagu tun ranar da ka taka shi da keke? Ita za ka yi wa wayo?"

"To ki gaya mata gaskiya mana, ki tambaye ta inda ta kafa sandar. Mene ne a ciki? Duka za ta yi miki? Da ƙyar take ɗaga cokali."

"Kai dai ka iya magana daga nesa."

"Ni na ce ki share lambu kamar za a yi tiyata a ciki?"

Ta kashe wayar. Gaskiya ya faɗa, abin da ya sa ta kashe ke nan.

Kullum ƙarfe uku takan hau keke ta je wurin Gesine. Ɗakin yana hawa na biyu, tagarsa na kallon wurin ajiye motoci. Tsohuwar ta rame, amma idon nan yana nan da kaifinsa, kuma har yanzu ba ta yarda kowa ya haɗa mata shayi: dunƙulen sukari a ƙasa, shayi a kai, madara daga gefen kofi, kuma kada wanda ya kuskura ya juya da cokali. Kafin Frauke ta cire kwat tambayar ta riga ta iso.

"Ya fito?"

"Tukuna, Mama. Sanyi ne."

"Kina duba wurin dai?"

"Ina dubawa."

"To."

Daga nan sai Gesine ta juya ga taga, ta kama zancen matar ɗaki na kusa da ke sace mata jarida. Wannan "to" ɗin shi ke hana Frauke cin abinci. Tsohuwa ta rasa gidanta, ta rasa ƙafafunta, ta miƙa mata amanar abu ɗaya tak da ya rage, ita kuma tana zuwa kullum tana shan shayinta tana yi mata ƙarya. Kunya take ji, irin wadda ba ta ji ba tun tana 'yar makaranta.

Talata aka yi yayyafi mai haɗe da ƙanƙara. Digiri huɗu. Laraba da hantsi rana ta leƙo, kusan awa biyu, har wani baƙin tsuntsu ya sauko yana tsintar ciyawar sheƙa, furen farko kuma ya buɗe a gindin bango, ƙarami, a karkace. Frauke ta durƙusa a gabansa kamar zai gaya mata wani abu. Ta soka ma'auni: shida. Shida ba ta tashin kunkuru. Ta miƙe ta dubi lambun daga bango zuwa shinge, taku talatin a tsaye, goma sha biyu a kwance, ko'ina sumul da aikin hannunta. Gobe ƙarfe bakwai na safe. Ta hau keke ba ta ko wanke hannu ba.

"Ya fito?" in ji Gesine.

Frauke ba ta cire kwat ba. Ta zauna a bakin gado.

"Mama, ban san inda yake ba."

Tsohuwar ta tsayar da kofinta a bakin leɓe.

"Na tuge sandar. Tun watan Nuwamba, da na zo gyaran lambu. Na share ganyen, na tuge komai, ban tuna ba sai a jirgi. Wata shida ina yi miki ƙarya. Gobe da safe katafila za ta haƙe lambun, kuma ban san inda yake ba. Don Allah ki gaya mini inda kika kafa ta."

Gesine ta ajiye kofinta a hankali a kan faranti.

"Wace sanda?"

"Sandar Kyaftin, Mama."

"Babu wata sanda." Muryarta ta yi ƙasa. "Ban kafa ba. Ban same shi ba, Frauke. Kwana uku ina nemansa. Me kike tsammani ya kai ni tsakiyar lambu cikin ruwan sama ba takalmi? Nemansa nake na zame."

Frauke ta matso kusa da ita.

"Da na farka a asibiti na ga kin zo da fuskar nan taki ta mai iya komai, sai na ce wannan ba abin da ke wuce ta, tabbas ta gano shi ta rufe shi. Na ji tsoron in tambaya. In na tambaya ki ce a'a fa? Wata shida ina kwance a nan ina cewa na bar shi ba ko ganye ɗaya a kansa, a hunturun da ya fi kowane tsanani."

"Shi ya sa kike cewa ina duba wurin?"

"Ina jira ne ki faɗi wurin, ke kuma kin ƙi faɗa! Kullum 'ina dubawa, ina dubawa', kamar ma'aikaciyar gidan waya."

Dariya ta kufce wa Frauke, ta zo tare da hawaye, ta rasa wanne za ta tare. Gesine ba ta yi dariya ba. Ta kama hannun 'yarta ta juya shi, ta dubi karyayyun faratan da baƙar ƙasar da ke ciki.

"Da hannu kike nema? A gindin bango, ko? Wawiya. Can yake shan rana, ba can yake kwana ba. Kuma ba da hannu ake nemansa ba, da ƙafa ne. Ki cire takalmi ki taka, layi-layi, diddige na bin yatsa. Inda ya haƙa ƙasar ba ta cika daskarewa kamar sauran, za ki ji ta ɗan ba da kai. Shekara sittin haka nake yi, kuna ciki kuna kallon talabijin."

"Bayan wata shida zai yi aiki?"

"Ina na sani? Ban taɓa barinsa ya kwana biyu ba." Ta saki hannun. "Na gama ɓangaren shinge da na wake kafin in faɗi. Saura tsakiya da wajen ƙofa. Tashi ki tafi, me kike zaune kina kallona?"

Ta taka tsakiyar lambun har hasken yamma ya ƙare, ƙafafunta suka mutu da sanyi har ba ta jin bambancin dutse da laka. Sau huɗu tana durƙusawa ta tona, sau huɗu ba komai.

Alhamis ƙarfe shida ta dawo. Raɓa ta daskare fari fat a kan ƙasa. Ta cire takalmi da safa ta ajiye a kan matakala, ta fara daga inda ta tsaya. Bakwai saura kwata ta ji rurin babbar mota a titi, sai ƙarar sarƙa, sai ga katafila 'yar ƙarama, rawaya, tana saukowa daga bayan motar. Imke da mijinta suna tsaye a ƙofar kicin, ba wanda ya iya kallonta. Direban, wani jibgegen mutum mai suna Tjark, ya cire ƙyauren lambu ya jingine, ya tsaya yana kallon mace mai furfura tana tafiya ba takalmi a kan ƙanƙara, hannuwa a buɗe.

"Madam, lafiya? Ko wani sabon motsa jiki ne aka fito da shi?"

"Ka ba ni awa ɗaya."

"Au, ke ce mai kunkurun." Ya sosa ƙeya. "Ina da wani aiki da ƙarfe ɗaya na rana a ƙauye na gaba. Awa ɗaya ba ni da ita. Ga abin da zan yi: daga ƙofa zan shigo, a hankali. Ki riƙa tafiya a gabana. Inda kika taka kika wuce, nan zan bi. In kika ɗaga hannu na tsaya."

"In na taka ban ji ba fa?"

Ya dube ta, ya hau ya tayar da inji.

Wajen ƙofa ne kaɗai ba ta taka ba, tsohon wurin albasa, inda ƙasa ta fi tauri. Ta tsaya a gaban katafilar, ta juya mata baya. Diddige, yatsa. Diddige, yatsa. Tana jin ƙasa na rawa a tafin ƙafarta, tana jin zafin injin a bayanta, warin man dizal yana shiga mata hanci. Faɗin taku biyu take tantancewa, ta je ta dawo, sannan ta matsa, sarƙar ƙafar katafilar ta biyo ta tana murƙushe abin da ta bari. Duk matsawa ɗaya sai ta ji kamar ita ce ta sa hannu a takardar kashe shi. Ƙafarta ta dama ta tsage a kan wani abu, ta ga jini a kan farar raɓa, ba ta ji zafi ba. Wannan ya fi komai tsorata ta: ƙafar da ba ta ji yanka ba, yaya za ta ji laushin ƙasa?

Ta tsaya cak. Ta ɗaga ƙafar hagu ta cusa tafin a bayan gwiwarta ta dama, ta matse, tana tsaye da ƙafa ɗaya tana layi, har jini ya fara dawowa da zafi kamar ana soka mata allurai. Tjark ya danna ham sau ɗaya, gajere. Ta sauke ƙafar ta taka.

Ƙasar ta ba da kai. Kaɗan ne, kamar an taka burodin jiya.

Ta ɗaga hannu biyu tana ihu, ita kanta ba ta san me take faɗa ba. Injin ya mutu. Ta zube a gwiwa ta kama tono, ɓawon sama mai ƙanƙara, sai ƙasa mai laushi a ƙarƙashi, tsawon yatsa, tsawon tafi, har wuyan hannu. Sai ga wasu manyan hannuwa a gefenta, Tjark ne ya sauko, yana kwashe ƙasar da take turowa. Imke ta durƙusa ta ɗaya gefen. A zurfin da ya kusa kai gwiwar hannu yatsunta suka taɓa abu mai santsi, mai tudu-tudu.

"A hankali, Madam," in ji Tjark, murya ƙasa-ƙasa. "Ki zagaye shi tukuna."

Ta ciro shi da hannu biyu. Sanyi ƙalau kamar dutsen rafi. Kai a ciki, ido a rufe sun faɗa, ƙafafu a naɗe. Bakin sarƙar katafilar bai kai taku ɗaya daga ramin ba. Ta ja ƙafarsa ta baya a hankali, yadda ta ga Gesine na yi. Ƙafar ta biyo hannunta, da ta saki ta tsaya a inda ta bar ta.

"Ya mutu ne?" in ji Imke.

Frauke ta buɗe kwat, ta ɗaga rigar sanyinta, ta manna shi a cikinta da ƙasarsa da komai, ta rufe. Sanyin ya sa ta ja numfashi. Ta je ta zauna a kan matakala kusa da takalmanta. Imke ta kawo bargo ta naɗe mata ƙafafu, Tjark ya koma kan katafila amma bai tayar ba, ya zauna yana juya makulli a hannu.

Waya ta yi ƙara a aljihunta. Ba ta buƙatar duba suna.

"Ya fito?"

Amsa mai daɗi tana nan a bakin harshenta, wata shida ta saba da ita. Ta haɗiye.

"Yana hannuna, Mama. Amma ba ya motsi. Ban sani ba ko yana da rai."

Ta ji numfashin tsohuwar, dogo, yana rawa.

"Kin sa shi a jikinki?"

"Yana cikin rigata."

"To kada ki kai shi kusa da wuta, kada ki jijjiga shi. Kuma kada ki kashe wayar nan, kin ji? Ko mene ne, ina so in ji shi lokacin da kika ji."

"Na ji, Mama."

Ta riƙe wayar a kunne. A can ɗakin tana jin ana tura keken abincin safe a baranda, wata ma'aikaciya ta yi magana, Gesine ta ce mata ta fita. Minti goma. Ashirin. Rana ta hau kan rufin maƙwabta ta sauka a matakalar, raɓar da ke kan takalmanta ta fara narkewa. Hannunta mai riƙe da wayar ya gaji, ta sauya.

Sai ta ji wani abu ya karce ta a ƙasan haƙarƙari. Ta daina numfashi. Ya sake, a hankali, farce huɗu masu kaushi suna neman wurin tokarawa a fatarta.

"Frauke? Me ya faru? Kin yi shiru."

"Mama," ta ce, "yana yagushina."

"To ki bar shi ya yagushe ki," in ji Gesine, sannan ta fashe da kuka.